Ƙullin Kukar da Ya Cinye Albashin Nafi'u

Ran nan 'yan matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurin Malam, maigidana, suka tsaya a bakin rumfata suna kallona ina ɗinke buhun wata amarya da za ta bi mijinta Gana. Ɗaya ta ce wa 'yar'uwarta, a hankali wai don kada in ji, "Ashe wagga ma sana'a ce? Zuba kuka a leda?" Na ji sarai, ban tanka ba don akwai zare a bakina. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, tunda Allah ya sa na gama sakandare kuma hannuna bai manta biro ba. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina haɗa wa mutane guzurin ƙaura a nan Bagudo. Duk wanda zai kwashi iyalinsa ya tsallaka iyaka neman abinci, wurina uwarsa ko matarsa ke zuwa in haɗa musu abin da tukunya za ta ci kafin ƙafarsu ta tsaya a can.

Aikin farko da na sa hannu a cikinsa na Inna Kulu ne, yayar mahaifiyar Malam, Allah ya jiƙanta. Wani Basarke masunci ne zai kai iyalinsa kamun kifi a Mali, ta ba ni kuɓewa kwando biyu ta ce in yanka in shanya. Na yanka, na shanya kwana uku, na kai mata ina taƙama. Ta ɗauki yanki ɗaya ta kai saitin kunnenta ta karya. Bai yi ƙara ba. Ta ce, "Amarya, wagga tana da sauran magana a cikinta, mai da ta tabarma." Sau huɗu ina mayarwa. A wurinta na san ba a shanya ganyen kuka a rana, a inuwa ake yi, in ba haka ba miyar ta fito kamar ruwan wanki. A wurinta na san wake sai da toka, kifin banda sai an jera busasshen barkono a tsakaninsa, daddawa kuwa ba ta kwana buhu ɗaya da garin kunu. Wannan na ƙarshen da kaina na gano, ranar da wata mata ta aiko daga Gaya cewa 'ya'yanta sun ƙi shan kunu, wai yana warin miya.

Kayan aikina ba su da yawa, amma kowanne da dalilinsa. Ganga yanke biyu da raga a kai, don banda. Turmi biyu, na yaji daban na kuka daban, kuma wanda ya haɗa mini su ranar ba zai ci tuwona ba. Rariya, faifai, tabarmin shanya, basilla da zaren buhu, takardar buhun siminti don naɗe daddawa, sai robobin fenti masu murfi. Robobin nan su ne dukiyar, saboda wanda zai yi arewa, wajen Agadas, ko a tsumma ka ɗaure masa kaya za su kai shekara. Wanda zai yi kudu bakin teku kuwa, iskar can da ruwa a cikinta. Kuli-kulin da ya bar nan yana fasa haƙori, in ya yi mako a can sai ka lanƙwasa shi ya zama awarwaro.

Muguwar shekara ita ce wadda kogin Kwara ya cika ya shanye fadamun Kaoje, itace ya jiƙe, na yi banda da ɗanyen hayaƙi kifin ya yi funfuna tun kafin ya huce. Na zubar, na sake saye, na sake yi. Na gama ɗaure kayan gida shida ke nan aka rufe iyaka. Huɗu suka fasa tafiya, suka ce in yi haƙuri. Na yi haƙurin, muka zauna muka cinye. Wata biyar gidan nan ba a ɗora tukunyar da babu tarwaɗa a ciki ba. Malam mutum ne da ba ya kushe abinci, amma wata rana ya wanke hannu ya ce, "Atika, ni dai yanzu ko na faɗa Kwara ba ni nutsewa, 'yan'uwana za su tallabe ni."

Duk da haka, aikin da ya fi koya mini sana'ar nan ba na baƙo ba ne, na Nafi'u ne, ɗan yayana. Gyaran wayar mota ya koya, hannunsa na da kyau. Yana zaune a Kaoje da matarsa Balki da 'yarsu Ummi, a ɗakin ƙasa kusa da ruwa. Sau biyu ambaliya na rushe ɗakin nan, na biyun a kwalekwale aka fitar da Balki, goyo a baya tukunya a ka. Akwai wani fili a kan tudu, mai shi ya yi wa Nafi'u alkawari zai riƙe masa damina biyu, in ta uku ta kama bai kawo kuɗi ba zai sayar wa wani. Ana cikin haka wani mai sayar da motoci a Kwatano ya kira shi aiki, albashi da sefa.

Ya zo mini da hantsi, waya a hannu, yana tafiya kamar an naɗa shi sarauta. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya juyo mini fuskar wayar.

"Goggo, duba nan. Wanga shi ne albashin. In anka canza shi zuwa naira, ga abin da ya zama."

Na duba. Gaskiya lambar na da tsawo.

Ya ce, "Rabi mu ci, rabi mu aje. Wata goma sha biyu fili ya zama nawa. Shekara ta biyu bulo da kwano. Ɗaki biyu, Goggo, har da baranda inda za ki zauna in kin zo."

Na ce, "Allah shi yarda. Can ɗin da naira ake sayen abinci?"

"A'a, da sefa."

"To mi ya kai ka canza ta? Da sefa za ka karɓa, da sefa za ka kashe. Abin da ya ragu shi ne naka, shi za ka canza. Haya hwa?"

Ya ce ya sa haya. Bai san za a nemi ta wata uku a dunƙule ba, da wani kuɗin wai na ajiya. Na ce ruwa fa? Ya yi dariya, ya ce garin da ke bakin teku? Na ce gawayi fa, tunda babu dajin da Balki za ta aiki wani ya saro mata? Shinkafa fa, da a nan daga fadamar babanka ake ɗebo muku? Kifi fa, da a nan in ka tsaya a bakin ruwa ka yi sallama sai an miƙo maka biyu? In Ummi ta yi zazzaɓi fa? Duk abin da na ambata sai ya latsa wayar, lambar na guntulewa kamar kyandir. Da muka gama, rabi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ya sake latsawa, ya ce ko a haka filin zai samu kafin damina ta biyu ta fita, in dai ba su sayi kayan miya a can ba.

Na ce, "Wanga bar mini shi."

Mako uku na yi a kan kayansu. Kuka roba biyu, kuɓewa, daddawar kalwa, tsamiya, yaji, garin kunu, man gyaɗa, wake da tokarsa, tarwaɗa da kurungu da na kyafe da kaina har sai da suka yi ƙara a kunne. Na auna wa baki biyu da rabi, na wata huɗu. Na like murafen, na rubuta abin da ke cikin kowace roba. Muka raka su Lolo ranar kasuwa suka tsallaka, na yi musu addu'a, na dawo.

To, ga inda na yi abin da na yi. Wata ɗaya da tafiyarsu ina tankaɗen kuka sai na ce a raina, yarinyar nan hannunta na da nauyi wurin kaɗa miya, kada ta ƙare musu su shiga saye. Sai ga labari Altine na garin Sharabi, dillalin shanu, zai je Kwatano ɗauko wa wansa mota. Na ƙulla kuka daidai cikin tafin hannu biyu, na sami takarda na rubuta masa kwatance da rubutuna mai kyau na 'yar sakandare: unguwa kaza, bayan masallaci, gida mai koren ƙyaure. Bayan mako biyu Sanda na Lolo zai je sayen injin jirgi, na ba shi daddawa da kwatance. Daga nan abin ya bi gari, duk mai zuwa Kwatano sai ya biyo ta ƙofata ya ce, "Goggon Nafi'u, ba saƙo?" Ni kuwa ina ta sa musu albarka, ina cewa dubi yadda mutanenmu ke da zumunci. A wata bakwai na aika saƙo tara.

Kullum na kira Balki sai ta ce, "Lafiya lau, Goggo. Saƙo ya iso, an gode, Allah shi bar zumunci." Nakan jiyo muryoyin maza a bayanta ana gardamar farashin shanu, in ce alhamdu lillahi, sun dace da maƙwabta Hausawa.

Sai da mai fili ya aiko yana tambaya ko akwai labari, yayana ya kira Nafi'u ya matsa masa, sannan ya faɗi gaskiya. Wata bakwai, ko na buhun siminti ɗaya bai aje ba. Da aka tambaye shi dalili sai ya ce, "Rayuwa ce, Baba." Ruwa ba ya tsami banza. Wasu a dangi suka ce Balki ta koyi cin daɗi, wasu suka ce yaron ya shiga birni birni ya shige shi. Ni na ce gani ya kori ji. Malam ya ba ni izini, babban ɗana da ke zuwa sayen kayan babur ya kai ni har ƙofar gida mai koren ƙyaure ya wuce harkarsa. Ban je hannu sake ba, na riƙa musu ƙarin kuka.

Ɗaki ɗaya ne da ɗan baranda, a cikin gidan haya mai mutane da yawa. Abin da na fara gani takalma ne, ƙafa bakwai na maza a jere. Sai tabarmi uku a barandar, da mutum biyar a kai suna shan shayi da dogon biredin nan na can. Na tsakiyarsu ya miƙe yana washe baki.

"Lale, lale da Goggon Nafi'u! Ke Balki, kawo ma baƙuwa ruwa!"

Na ce, "Altine? Tun yaushe kaz zo?"

"Wanga zuwan? Ai ke kika ba ni yaji. Mako uku ke nan."

"Motar wanka hwa?"

"Jirgin ruwan da zai kawo ta bai iso ba. Sun ce yau ko gobe."

Sanda na gefe yana tsoma biredi a kofi. Shi kuma wai ya ga injin, amma shina jiran ya sauko. Na ce ya sauko daga ina? Ya ce daga tsada. Sauran ukun, biyu abokan tafiyar Altine ne, ɗaya kuwa ba wanda ya san da wa ya zo, amma ya ce ya taɓa riƙe wa Sanda ledar daddawa a mota. Takalma biyun da suka ragu na waɗanda suka fita zaga gari da silifa ne, za su dawo cin rana.

Na bi Balki bayan ɗaki inda take girki a kan gawayi. Tukunyar da na gani a kan wuta ta gidan suna ce. Yarinya ta rame, ta ƙi haɗa ido da ni. Na ce, "Ɗiyata, ki ji tsoron Allah ki faɗa mini." Ta daɗe tana juya muciya kafin ta ce, "Goggo, ai saƙonki sunka kawo. Wa ke karɓar saƙon gida a bakin ƙofa ya ce ma mutum sai an jima?"

Daga nan bakinta ya buɗe. Ruwa a wurin mai gidan haya ake saye, bokiti-bokiti, ga mutum bakwai kowa da wankansa, Altine kuwa in zai yi alwala sai ka ce shanu zai shayar. Biredi da shayi kullum safe. Kukar wata huɗu ta ƙare mako shida da zuwan baƙin farko, tun daga nan a kasuwa take saye, ƙullin da bai kai wanda nake ba almajiri kyauta ba a farashin kaza. Baƙin ba sa jin Faransanci, don haka Baban Ummi ne ke barin aiki ya raka su tashar jirgi, ya biya musu kabu-kabu, ranar kuma a yanke masa a albashi. In za su koma sai an yi musu tsaraba, don kada a je gida a ce Nafi'u ya samu ya manta da mutane. Ita da Ummi da shi a ɗaki ɗaya da jakunkunan mutum bakwai.

Na ce, "Mi ya hana ku gaya mini?"

Ta ce, "Shi ya ce in kin ji za ki ji ba daɗi. Kuma baƙo rahama ne."

Na zauna a kan ɗaya daga cikin robobina, wadda na rubuta wa suna da hannuna, ga ta wayam. Kowane ƙulli na tafin hannu biyu da na aiko ya zo da baki uku a bayansa. Garin neman gira na kusa tsone wa yaran nan ido.

An ce baƙo raɓa ne, waɗannan kam damina ce ta sauka. Amma korar baƙo ba tarbiyyarmu ba ce, kuma Nafi'u zai koma Kaoje ya zauna da mutanen nan har ƙarshen ransa. In aka ce ya kore su, ko ya gina bene ba mai taka barandarsa. Ni kuma ba zan yi ƙarya ba, ko don fili. Na yi la'asar, na ɗan zauna a kan sallaya, sai na tuna abin da na iya. Shekara ashirin ina koyon abin da ke hana kaya lalacewa. Wanda ya san wannan ya san abin da ya fi saurin lalacewa.

Washegari da safe na ce Balki ta kai ni kasuwa. Abarba a can kamar a ce kyauta. Mai sayarwa ta ga baƙuwa, ta fara zaɓo mini masu ƙarfi kore shar waɗanda za su jure hanya. Na ture su. Na bi tulin ina shinshina gindinsu, ina jan ganyen tsakiya, duk wadda ganyenta ya zare ba gardama kuma ƙamshinta ya bugi hanci na ajiye gefe. Matar ta yi wa Balki magana da yarensu tana nuna ni, Balki ta ce wai tana cewa waɗannan na yau ne, gobe sai a hankali, jibi sai kaji. Na ce ki ce mata su nake so. Na ƙara da gwanda nunanna, da ayaba da ta fara ɗigo-ɗigo, da dogon biredi, wanda in ya kwana biyu sai dai a daka sakwara da shi. Da kuɗina na saya. Na kasa kashi-kashi, na sa a kwali mara huji, abin da da Inna Kulu ta gani da sai ta karɓe basillata.

Kafin mu koma gida na tsaya a inuwa na yi waya. Na kira surukar Altine a Sharabi, tsohuwar da ko sunanta ba ya iya faɗa. Na kira mahaifiyar Sanda a Lolo. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, har shi mai riƙe leda sai da na binciko yana da kaka a Kaoje. Abin da na ce wa kowacce ɗaya ne, kuma gaskiya ne: na zo Kwatano, na saya miki 'yar tsaraba, zan ba wane ya kawo miki.

Bayan sun ci tuwon rana sun miƙe ƙafa, na sa aka jera kwalayen a gabansu.

Na ce, "Altine, kai mutum ne mai amana, sau biyu kana kai mini saƙo ba ka taɓa ɓatarwa ba. Ga wani. Na Inna ne, uwar ɗakinka."

Ya gyara hula. "Wace Inna?"

"Surukarka."

Ya buɗe kwalin, ƙamshi ya cika barandar. Ya latsa abarba ɗaya da yatsa, yatsan ya ɗan shiga. Ya ce, "Goggon Nafi'u, wagga ai ta nuna."

"Don haƙoranta na zaɓa."

"To, in jirgin ya iso, in sha Allahu..."

"Na riga na kira ta. Ta ce tun da anka haife ta ba ta taɓa cin abarbar Kwatano daga hannun suruki ba. Ina jin ta tana gaya ma maƙwabta."

Altine ya dubi abarba, ya dubi sama, ya yi lissafin hanya da yatsunsa: Kwatano zuwa Kandi, Kandi zuwa bakin iyaka, ga shingaye, ga zafin mota. Ya juya wurin Nafi'u da ya dawo cin abinci ya ce, "Kai, motar yamma ƙarfe nawa take tashi?"

Sanda ya so ya yi dabara. Ya ce ai Altine na iya wucewa da nashi kwalin tunda hanya ɗaya ce. Na ce ai da sunanka na gaya wa innarka, ta ce ma dama rabonta da ganinka tun kafin a cire shinkafa, kuma ragarka na nan ɓeraye sun fara yi mata ado. Ya ce, "Injin hwa?" Altine da ke ɗaure jaka ya ce, "Taso, malam. Injin da bai sauko ba a wata biyar, sai ranar da ka sa mishi tsani."

Kafin la'asar baranda ta zama wayam. Suka tafi suna sa wa Nafi'u da Balki albarka, kowa da kwali a ka, ba wanda aka ce wa ya tafi. Balki ta tsaya tana kallon tabarmin, ta ce, "Goggo, ashe simintin barandar ja ne."

Tun daga wannan na canza yadda nake aiki, kuma ku da kuke son koyo ku riƙe. Wanda ya yi ƙaura sau biyu a shekara nake haɗa masa kaya, da yawa, a robobi masu murfi. Direban babbar mota nake ba, in biya shi ladan ɗauka, ya sauke a tasha ya kira mai kaya ya zo ya ɗauka. Direba ba ya kwana gidan kowa, sauri yake. Kwatancen gida kuwa na daina rubuta wa kowa, duk kyan rubutuna. In uwa ta zo da ƙullin yaji tana neman mai zuwa wurin ɗanta, sai in zaunar da ita in tambaye ta ƙullin nan baki nawa zai ja. Baƙi ba su daina zuwa gidan Nafi'u ba, kuma ba a so su daina. Wanda ya zo asibiti ko ya rasa masauki ana karɓarsa hannu biyu, a yi masa kwana ukun da addini ya ce, har a ƙara.

Filin ya samu, da ƙyar, ana saura 'yan kwanaki damina ta biyu ta fita. Ɗaki biyu da baranda dai ba su samu ba. Shekara uku suka yi a can maimakon biyu, suka dawo da abin da ya gina ɗaki ɗaya na bulo da kwano, na biyun ya tsaya a iya taga har yau. Amma da ruwa ya zo bara, daga ƙofar ɗakinta Balki ta tsaya tana kallonsa a ƙasa, ba ta ɗora tukunya a ka ba.

Saura yadda ni na baro Kwatano. Bayan tafiyar baƙi na ce bari in ɗan tsaya in nuna wa Balki yadda ake sake shanya kaya a irin iskar can. Na nuna mata a kwana biyu. Sai na ce bari in ga teku, tunda na zo. Na gani, na ce a mayar da ni in sake gani. Ummi ta saba da bayana. Shayi da dogon biredin nan kuwa, in yana da zafi, ba laifi. Wankana bokiti biyu ne, saboda zafin garin. Ban lissafa kwanaki ba, ai ni ba baƙuwa ba ce, Goggo ce.

Ranar kwana na goma sha ɗaya, da hantsi, ina barandar na miƙe ƙafa, Balki ta dawo daga kasuwa ta durƙusa a gabana, kanta a sunkuye. Nafi'u na tsaye a bayanta yana kallon wayarsa kamar an aiko masa da wani muhimmin abu. Ta turo mini kwali a hankali. Tun kafin in buɗe ƙamshin ya gaya mini. Na ja ganyen tsakiya, ya zare ba gardama.

Ta ce, "Goggo, na Malam ne."

Na ce, "Kun kira shi?"

Ta ce, "Tun da safe. Ya ce a gaya miki shina jira, kuma ya gaji da tuwon maƙwabta."

Na shinshina gindin abarbar. Ta yau ce, gobe sai a hankali. Na ce, "Allah shi yi miki albarka, ɗiyata, kin iya zaɓe. Kai Nafi'u, aje wayar nan ka ɗauko mini jakata."